Goggo Dudu da Takardar 'Yancin Kai

Shekara takwas ke nan da rasuwar Goggo Dudu, yayar mahaifina, wadda ta ƙare aikinta tana shugabar wata makarantar firamare a Pantami, nan cikin Gombe. Duk lokacin da aka fara bikin tunawa da samun 'yancin kai sai ta faɗo mini a rai, kuma sai raina ya ɓaci.

Tana 'yar makaranta aka sauke tutar Turawa. Ta sha gaya mana cewa abin da ya fi tsaya mata a zuciya shi ne maganar malaminsu, da ya ce daga yau kowannensu ɗan ƙasa ne, ba talakan Sarauniya ba. Bayan ta girma ta nemi dokar 'yancin kan ta karanta, ta gane a majalisar Ingila aka zartar da ita, tsarin mulkin da ya zo tare da ita ma daga can ya fito. Na yanzu kuwa sojoji suka miƙo shi. Ta kan ce, "An rubuta a ciki wai 'mu al'ummar Najeriya', ni dai ba wanda ya tambaye ni." Duk da haka ta yarda da alkawarin da ke ciki, fiye da yadda ni na taɓa yarda.

Shekara guda kafin ta rasu, wata yarinya Yagana, wadda rikici ya koro iyayenta daga Borno suka kama haya kusa da mu, ta ci jarrabawar makarantar jinya. Aka ce sai ta kawo shaidar asali. Garinsu an ƙone shi, ba ofishin da za ta je. Goggo ta ɗauki sandarta, ni na riƙe mata jaka, muka raka ta wani ofis a nan gari.

Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, ba 'yar nan ba ce."

"To 'yar ina ce, ɗana? Tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito."

"Gaskiya ne, Hajiya. Amma ni abin da aka ba ni shi nake bi."

Muka yi ta zirga-zirga har aka rufe ɗaukar ɗalibai. Ran da Yagana ta zo ta gaya mata, Goggo ta tura kwanon abincinta gefe.

Yanzu Yagana tana ɗinki a unguwar Gabukka, da 'ya'ya biyu da aka haifa a Gombe. Na kan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga an sha zama don gyaran tsarin mulki, an sha jawabai, amma wannan ƙulli yana nan yadda ta bar shi. Na san ba za ta yi shiru ba, kuma na san amsar da za a ba ta.

Ba ta bar gida ko gona ba. Ta bar mana taurin kan tambaya. Kwanan baya Yagana ta ce mini babbarta ta shiga firamare, kuma ba a wuce ta a aji. Sunan yarinyar Dudu. Sai ta ajiye almakashi ta dube ni ta ce, "Yaya, in lokacin nema mata shaidar asali ya yi, wa zai raka mu?"

Na ce ni. Allah ya jiƙan Goggo.