Ban Ruwa a Bakin Teku

Shekarar da gero ya ba mu kunya a Kebbe, ba wanda ya buɗe baki ya ce mini in tafi cin rani. Baba dai ya leƙa rumbu bayan an gama zuba damma, ya sauko, ya kakkaɓe hannunsa, ya dube ni. Ni ne babban ciki a gidanmu, wannan ko maƙiyina ya shaida. In na ɗauke bakina daga rumbun nan har faɗuwar damina, hatsin zai kai su Inna da ƙannena sabon gero. In na zauna, ba zai kai ba. Ka ji duk dalilin tafiyata, ban fita don in dawo da babur ko agogo ba.

Kabu-kabu ya kai ni Tambuwal, can na samu motar albasa mai ƙetare iyaka, na haye saman buhuna. Har yau ban iya jera tafiyar nan daki-daki. Ina tuna warin albasa, da yadda itatuwa suka riƙa ƙara tsawo da duhu, har aka daina jin Hausa a bakin masu tallan hanya. Na yi ta gyangyaɗi ina farkawa, na rasa wanne ne barcin wanne ne idon biyu. Da aka ce mu sauka, wai Kwatano ke nan, ƙafafuna sun manta tafiya.

Baƙon da bai da kowa Zango yake nufa, unguwar Hausawa. Na ɗan raɓa a barandar wani masallaci, sai ladan ya fara yi mini irin gaisuwar nan mai nufin yaushe za ka kama gabanka. Ɗakin hayar da aka nuna mini kuwa, mutane ne jere kamar damman dawa, kuma sai ka biya kafin tabarmarka ta taɓa ƙasa. Ina! Ba ni da wannan ƙarfin.

Wani dattijo mai shayi ne ya tsamo ni. Daga gaisuwa ya ɗago kai ya ce, "Kai, wanga baki na gida na! Ɗan ina?"

Na ce Kebbe.

"Ni Sanyinna. To ɗan Kebbe, mi ka iya ban da ci?" Ya ga yadda na yi wa burodinsa ne.

Na ce noma. Ya yi dariya har madara ta zube masa, wai noma cikin birni. Can sai ya tsaya ya tambaye ni ko na iya ban ruwa. Ni da na tashi ina ban ruwan albasa a fadama? Ya kwatanta mini wani lambu a bayan gari, ya ce in nemi uwar lambu, in ce mai shayin Zango ya aiko ni.

A ranar na fara ganin teku. Na tsaya sororo da ƙunshina a ka. Ruwa har inda ido ya gaza, yana zuwa yana komawa, ba mai kora shi, ba kuma dabba ko ɗaya da ke sha. Gefensa kuma, cikin farin yashi, ga fangalai kore shar: latas, karas, kabeji, da wasu ganyaye da ban san sunansu ba har na baro ƙasar.

Uwar lambun mace ce ƙaƙƙarfa mai hular kaba, da 'yar Hausar kasuwa a bakinta. Ta juya tafin hannuna ta duba kanta, ta gyaɗa kai. Ta miƙo mini butocin ban ruwa biyu masu rariya a baki, ta nuna wata bukka mai rufin kwano a ƙarshen lambu. Can zan kwana kyauta, in ci daga tukunyarta, ta kuma ɗan sa mini wani abu a hannu. Sannan ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Ruwan sama zo, aiki ƙare. Ɗaki, taki shiga."

Wallahi dariya na yi a zuciyata. Ko zafin bazara ba a shiga ba, wane ruwan sama? Kafin ya zo ai ni ma na ɗaure kayana na nufi shuka. Sam bai zo mini a rai ba cewa samansu daban, namu daban.

Ban taɓa jin daɗin wahala irin ta lambun nan ba. Rijiyarsu rami ne kawai cikin yashi, sai ka taka ka sauka, ka tsoma butoci, ka fito. Ruwan daɗi, ga gishirin teku can kusa, ban san yadda Allah ya raba su ba. In na karkata butocin, ruwa ya riƙa sauka siriri-siriri, rana ta ratsa shi, sai in manta nauyin da ke kafaɗata. Da hantsi ya dubi ludayi in shige bukka in miƙe. Ƙarar teku ta zame mini kamar garken shanu na wucewa bayan dangarmu, in yi ta sauraron ko zan ji muryar makiyayi har barci ya ɗauke ni. Wata rana sai in ga Inna na tafe tsakanin itatuwan kwakwa da ƙwarya a ka, in yunƙura, ashe mai tallan kifi ce. Har teba da miyar kifinsu na saba da su, na yi kumatu. Duk lomar da na kai baki a can, na san wata loma ce ta rage a rumbunmu, wannan kuwa ya fi kifin daɗi.

Sai wata la'asar na hango baƙin abu ya taso daga cikin teku. Hadari! Ni ɗan gidan manoma, wanda tun yana tsirara ake fita roƙon ruwa da shi, yau ga ni tsaye da buta ina cewa a hankali, "Wuce, don Allah wuce." Ya wuce kuwa. Kashegari ya dawo da ƙannensa.

Na garzaya wurin mai shayi. Ya ce, "Awo, nan haka sama take, ba ta jiran Sakkwato. Ban gaya maka ba? To mantuwa ta." Na ce ya taimaka mini da wani wurin. Ya ce duk 'yan ban ruwa yanzu Zango za su kwararo, barandar masallacin ma ta cika, amma zai sa kunne. Ya ƙara mini burodi, wai in ci in rage zare ido.

Yayyafin farko bai hana ni ban ruwa ba, yashi ya shanye abinsa. Uwar lambu dai ta riƙa tura yatsa cikin fangali tana dubawa, ni kuma ina duban yatsan. Ranar da ruwa ya sauka na gaske, da azahar ne. Ta zo a jiƙe, bayanta amalanke cike da buhunan kashin kaji, wanda in ya sha ruwa ya lalace. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ɓoye tausayinta ba. Ta ajiye mini kwanon abinci, ta dafa kafaɗata, ta ce in bari ruwan ya ɗauke tukuna kafin in tafi. Aka fara jibge buhuna a inda nake shimfiɗa tabarma. Na ɗaure ƙunshina na tsuguna a bakin ƙofa, raina a jagule, ban san inda zan sa haƙarƙarina ba.

Nan wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Mi nika ji haka, kamar ana sussuka?"

Na ce, "Ruwa ne, Baba."

Ya ce, "Ruwa? Yanzu? Ɗaga wayar sama in ji."

Na miƙe na kai ta kusa da kwanon rufi. Ruwa na dukan kwano, feshi na jiƙa mini fuska. Na daɗe a haka kafin in mayar da ita kunne.

"Masha Allahu," in ji Baba, muryarsa ta yi laushi. "Kana cikin ni'ima, ɗana. Mu nan ko gajimare babu, da saura ƙwarai. Yi zamanka, kada ka yi gaggawar dawowa."

Na dubi buhunan da suka kusa kai rufi. Na ce, "To, Baba."

"Kada ka kashe. Ga innarka nan, ita ma ta ji."

Na sake ɗaga hannuna sama.