Takardar Malam Sha'ibu Ba Ta Duba Ba Ce

Da safiyar Talata, takwas ga Nuwamba, 1977, na shigo tashar Ƙanƙara na tarar da motoci a jere, an kashe inji, ga auduga a kansu amma ba mai shirin tashi. Rabo bakanike ya tare ni ya ce Allah ya yi wa Malam Sha'ibu mai inshora rasuwa da asuba, bayan doguwar jinya. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Malam, ni ne Bilya direba. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da na gani zan rubuta.

Tun da kuɗin mai ya shigo, duk wanda ya sayar da hatsi ko shanu sai ya sayi mota, kuma mota ba ta hawa titi sai da inshora. Kai ne wakilin kamfanin daga nan har Faskari da Sabuwa. Kana da takardar farashi mai layi-layi da aka aiko maka daga Kaduna. Sai ka tambayi girman inji, ko kaya motar za ta ɗauka ko mutane, da shekarun direba a kan sitiya. Ka bi da yatsa, inda layukan suka haɗu nan ne kuɗin. Ba ka ƙara wa baƙo, ba ka rage wa dangi. Wanda ya zo da yunwa kuwa sai ya ci tuwon gidanka kafin a yi maganar mota.

Ranar da maigidana Alhaji Salihu ya kawo ni da sabuwar a-kori-kurarsa, ka ce tunda lasin nawa sabo ne, kuɗin zai hau. Alhaji ya yi ta roƙo, ya ce ai shi dattijo ne. Ka yi dariya ka ce da gemunsa ne zai riƙe sitiya, da ka sauko mashi.

Da damina na kife a hanyar Sabuwa, ƙafata ta karye. Kai ka zo asibiti da fura, kai ka yi ta zirga-zirga Kaduna har aka gyara motar. Amma gari ya ɗauka cewa ka hango hatsarin a takardarka. Aka ce duba kake yi, irin na Turawa. Mata suka rage shiga wurin Inna Suwaibatu, maiɗakinka. Magana ta kai ga Liman Harisu na Mabai, wanda a bayansa ka yi salla tun kana yaro, ya ce in haka ne ba zai tsaya kan gawar mai da'awar sanin gaibu ba. Ka ji wannan kana kwance. Duk zuwan da zan yi gaishe ka, sai ka tambaye ni ko Liman ya aiko. Bai taɓa aikowa ba.

Da aka gama suturce ka aka fito da kai ƙofar gida, jama'a ta tsaya ana kallon hanyar Mabai. Rana ta fara zafi. Wasu suka ce a sa wani ya ja salla, ɗanka Maharazu ya ce a ƙara haƙuri. Sai ga Liman bisa keke. Bai shiga sahu ba, ya ce a kira mashi direban da ya kife. Ya ce in faɗi abin da ka gaya mani ranar da aka yi wa motar inshora, kada in ƙara, kada in rage.

Na ce bayan Alhaji ya fita ka riƙe hannuna ka ce, "Bilya, takardar nan ba ta san ka ba. Sababbin direbobin da suka wuce ta ƙirga, aka ga sun fi tsofaffi faɗuwa. Abin da zai same ka gobe, Allah kaɗai ya sani. Ka dai rage gudu."

Liman ya ce ai manomi ma ya san fadamar da ta saba cika, kuma ba wanda ya ce mashi boka. Ya ce, "An kawo mani zance ban bincika ba. Allah ya yafe mana." Ya jingine keke, ya gyara sahu, ya yi kabbara. Malam, ban san wani nauyi nake ɗauke da shi ba sai da na ji ya sauka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa jinyar da ka yi ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Suwaibatu, da Maharazu, da 'yarka Zulaihatu da ƙannenta, da direbobin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda zancen duba ya kai kunnensa, to ya sani Liman da kansa ya sallace ka. Ba ni kaɗai na gani ba. Alhaji Salihu na sahun gaba, Rabo na damana, Gide ɗan kamasho na haguna, kuma duk suna nan da ransu, a tambaye su.