Layin da Baba Ya Bari a Bayan Takardar Iri

Jiya aka dawo da kwamfutar marigayi Baba daga gyara a Funtuwa, sai haruffan suka koma ƙanana kamar ƙwayar gero. 'Yata Hafsatu, mai raunin ido, ta manna fuska a gilashin. "Umma, ba na gani."

Baba surukina ne, tsohon mai buga takardu. Bai yarda da linzamin kwamfuta, abin nan da ake ja da hannu a yi nuni, ba. Baƙin fili yake buɗewa a gilashin, ya rubuta wa kwamfutar umarni da yatsa biyu, ƙamshin man zafi na tashi daga rigarsa. Yakan ce, "Ba a yi wa na'ura nuni, 'yar nan, magana ake yi mata."

Ranar da ya ƙara wa Hafsatu girman rubutu, ya kwafe mini layin umarnin a bayan takardar irin masara. Na ce, "Baba, aji uku fa na tsaya." Ya yi dariya. "Ke da kike kwaikwayon zanen lalle, wannan zai gagare ki?"

Jiya sai na lalubo takardar. Ina bi harafi bayan harafi, sau biyu ina kuskure. A na uku rubutun ya kumbura. Hafsatu ta ja da baya, ta ci gaba da karatunta.

Allah ya yalwata masa kabari, kamar yadda ya yalwata wa yarinyar nan haruffa.