Simintin da Maharazu Ya Zuba

An haifi Maharazu a wani ƙauye kusa da Baure a shekarar 1986. Yana da shekara ashirin da uku ya shigo Daura, ya kama dako a kasuwar hatsi. Shekara shida ya yi yana lodi yana saukewa kafin ya zama shugaban 'yan dako. A ƙa'idar ƙungiyarsu, mai son kujerar sai ya jira kaka, a tsayar da mota, a jera wa kowa buhun gero talatin. Wanda ya riga gama lodi shi ne shugaba, shi ke raba aiki, kuma shi 'yan kasuwa ke nema.

Sabiru, abokin aikinsa da Maharazu ya girme wa da shekara bakwai, shi ya koya masa ɗaga ƙarfe. Ƙarfen nasu sanda ce da aka dasa wa siminti a kai biyu, a bokitin fenti ake zuba shi. Dokar Sabiru ɗaya ce: kullum, safe da yamma, wanda ya huta kwana ɗaya ƙarfinsa ya zube.

A 2021, saura mako uku a fara shigo da sabon gero, kafaɗar Maharazu ta dama ta motsu. A ranar da labari ya shiga kasuwa, a ranar Sabiru ya ce yana son kujera. Maharazu ya aika dattawa su roƙi a ɗaga masa wata ɗaya, Sabiru ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. A buhu na tara Maharazu ya durƙusa, gero ya watse.

"Ku kawo wa baba tabarma!" in ji Sabiru daga saman mota. Aka kwashe da dariya. Washegari ya miƙa masa basilla da igiya, ya ce ɗinkin bakin buhu ya fi dacewa da shi.

Ɗantsoho mai ɗori ne ya duba kafaɗar.

"Kwana nawa kake ɗaga abin nan a mako?"

"Bakwai, Baba."

"Ga dako kuma?"

"Ai dako aiki ne, ba motsa jiki ba."

"To ita kafaɗar taka ta san bambancin?" Tsohon ya danna wurin har Maharazu ya yi ƙara. Ya ce duk ɗagawa sai tsoka ta ɗan yage, kuma ba ta haɗewa ta ƙara kauri sai ta samu kwana biyu ko uku na hutu da barci da abinci.

Wata takwas kafin hannun ya dawo. Maharazu ya tsara makonsa: ƙarfe ranar Litinin da Juma'a kawai, a tsakar gida, ba ya taɓa shi ranar kasuwa ko washegarinta. Daga nan ya sayo siminti rabin buhu ya zuba sabon ƙarfe, kawunansa manya fiye da na kowa. Sai dai a tsakiyar kowane bokiti ya binne galan ɗin roba wanda babu komai a ciki. Mai gani zai rantse ya kai kilo ɗari da ashirin. Bai kai talatin ba.

Wannan yake fitarwa ƙofar gida kullum bayan sallar asuba, daidai lokacin da Sabiru ke wucewa a babur. Yana ɗagawa yana nishi, yana cije leɓe.

"Baba, har yanzu ba ka haƙura ba?" in ji Sabiru.

"Ina, ranka ya daɗe! Sau uku nake yi a rana yanzu. Ku yara ku huta abinku."

Matarsa Zaituna ta taɓa jan ƙarfen za ta yi shara, ta ji shi sakayau.

"Baban Yasmin, wannan ai ko ni na ɗaga shi da hannu ɗaya. Wa kake yi wa wasan kwaikwayo?"

"Rage murya. Mutum ɗaya ne ɗan kallona, kuma bai taɓa fashi ba."

Kafin daminar 2023 ta tsaya Sabiru ya koma sau uku a rana, ya ƙara siminti a nasa ƙarfen. Maharazu na zaune da basillarsa yana lura. A watan Yuli Sabiru ya fara warin man zafi. A Agusta ya daina ɗaukar buhu a kafaɗar hagu. A Satumba ya rame, idonsa ja, yana faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Kakar 2023 ta zo, Maharazu ya ce yana son kujera. Wannan karon daga gidan Sabiru dattawa suka fito, suna neman a ɗaga wata ɗaya. Maharazu ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo fura, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce bai san an sauya ƙa'ida ba.

Shi kwana biyar ya yi bai taɓa ƙarfen gaske ba kafin ranar. Ya loda talatin ɗinsa ba gudu ba tsayawa. Da ya waiwayo, Sabiru na zaune a kan buhu na goma sha bakwai, ya riƙe gwiwar hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Maharazu ya nufi wajensa. Ya ɗauki ragowar goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya ya loda, har da wanda Sabiru ke zaune a kai, sai da ya tashe shi.

Yau shekara ta biyu ke nan Maharazu na kan kujera. Sabiru ya bar kasuwa, yana tsaron wani shagon taki a hanyar Kano. Ya yarda cewa ƙarancin atisaye ne ya kayar da shi, don haka har gobe yana ɗagawa sau uku a rana, hannu ɗaure da bandeji, yana jiran wata kakar. Zaituna ta sha cewa a ji tsoron Allah a faɗa wa bawan Allan nan ya huta.

"Ya tambaye ni?" in ji Maharazu.