Ɗan Aiken da Bai Yi Arba'in Ba

Ɗana na uku bai yi arba'in ba aka fara aikensa. Wuyansa ma bai tsaya ba, amma shi ya riƙa kai saƙo tsakanin mahaifiyata da maigidana a kan maganar da ake ta cacar baki a kanta a wancan lokaci, wato maganin tazarar haihuwa da gwamnati ta fara bayarwa kyauta a asibiti.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake kafin a gane dalili. Inna mutuniyar Maruta ce, can ƙasar Gwaram. Jinin Fulani ce. Fulatancin ya tsere mata tun tana yarinya, kunyar ce kawai ta rage, ita kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ce "waccan", ni ce "'yar nan". In tana so in ɗebo ruwa sai ta leƙa tulu ta ce, "Ikon Allah, tulun nan fa ya bushe." Shi ke nan, na ji, sai in ɗauki guga.

Maigidana kuwa, wanda nake ce wa Malam, malamin gona ne a Birnin Kudu. Yana da babur, yana da rediyon da ba ya rabuwa da ita, yana kuma da surutu, Allah ya ji ƙansa. Amma in ya hango Inna sai bakin ya mutu. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kafa wa ƙasa ido. Suruki da suruka ne na da, gaisuwa kawai ke haɗa su.

A al'adarmu mace in ta haihu gidan iyayenta take komawa, a wasu gidajen ma ba ta dawowa sai ta yaye. Ana yin haka ne don gudun kwanika, wato ciki ya shiga alhali na hannu yana kan nono. Haihuwata ta fari a Maruta na yi ta. 'Yan watanni kawai Malam ya iya daurewa, ya turo dattawa suka yi ta ban baki har Inna ta sake ni. Abin da ake gudun kuwa shi ya faru. Aka cire yarinyata daga nono ba shiri, ta rame ta zama sai ido, mata suna gulma a gidan suna. Na biyun bai gama tatata ba na uku ya shigo. A wannan haihuwar ce jini ya ɓalle mini. Ban san lokacin da aka kai ni babban asibiti ba. Na farka na tarar an yi mini ƙarin jini, daga jikin Malam aka ɗiba.

Ranar da za a sallame ni, wata ma'aikaciyar jinya mai yawan shekaru ta zauna a bakin gadona. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce in na sake ɗaukar ciki nan kusa, wataƙila yaran nan su tashi ba uwa. Ta ce akwai ƙwaya, ba a biyan ko kwabo, in na yi arba'in mu zo tare da maigidana.

Da yake ba ni da ƙarfin shiga mota, Inna ce ta zo Birnin Kudu yi mini wankan jego. Ta iso da ƙullin kanwa, da yaji, da fuskar da ba ta ɗaukar wasa. Safe da yamma ta tafasa ruwa, ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa mini har in ji kamar fatata za ta saɓule, sannan ta ɗura mini kunun kanwa. Jaririn ne kaɗai yake ganin haƙorinta. Jika ne, wasa ya halatta, "angona" take ce masa. A bakinsa na fara jin hukuncin da ta yanke. Tana shafa masa mai ta ce, "Angona, ana yin arba'in sai Maruta. Ba ka dawowa garin nan sai ka iya cewa a ƙaro tuwo."

Shekara biyu fa ke nan. Ina son ɗakina, ina son mutumin nan da surutunsa da warin man babur a rigarsa, ba na jin kunyar faɗa yanzu da na tsufa. Amma zaman ma tsoronsa nake ji, don na leƙa kabari na dawo.

Malam ya ji labari. Washegari bayan la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki, asabari a tsakaninsu. Suka gaisa, aka tambayi mai jego, aka tambayi ruwan zafi. Maimakon ya tashi kamar kullum, sai na ji ya yi gyaran murya. Yaya za a yi suruki ya yi wa uwar matarsa irin wannan magana? Ashe ya samo dabara.

Ya ce, "Yaro, ka gaya wa Inna, in sun yarda, akwai wani taimako da gwamnati ta kawo asibiti. In an karɓa, ba sai an yi doguwar tafiya ba."

Inna ta gyara wa jariri kwanciya a cinyarta ta ce, "Angona, ka tambayi ubanka. Takin zamani sai an yi layi an ci kwalar juna. Maganin zazzaɓi sai an saya. Wannan ne kaɗai kyauta? Yaushe gwamnati ta fara ƙaunarmu haka?"

Wallahi sai da na cusa baki a filo don kada dariya ta kuɓuce mini. Malam mai rabon taki, an taɓo shi inda yake ciwo. Ya ce a ba shi zuwa gobe.

Haka aka buɗe zama. Kullum bayan la'asar Malam ya zo da abin da ya kwaso daga rediyo, Inna tana jiransa da angonta a cinya. Ɗan aiken kuwa wani lokaci barci yake yi, wani lokaci ya yi gyatsa a tsakiyar hujja.

Malam ya ce a gaya wa Inna kuɗin man fetur da aka yi ta fantamawa da shi ya ja baya, kaya sun yi tsada, mutane kuwa sai ƙaruwa suke yi. Ajin da aka gina don yara kaɗan yanzu har a taga ake zama. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki sun raba ta, kowa ya samu abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ya ce shi da idonsa yake gani a Wurno da sauran ƙauyukan da yake zagayawa. Sai ya kawo misalin aikinsa, ya ce ko dawa in ta yi cunkoso a rami ɗaya ba ta yin zangarniya mai kyau, sai an ba ta tazara.

Inna ta ce, "Angona, ka ji an ce kai dawa ne. To ka gaya wa malamin gona, tazara ba shi ya kawo ta ba, ba kuma rediyo ba. Tun ba a haifi gwamnati ba muke yin ta. Me ya kai mata gidan iyayensu goyo? Wa ya turo dattawa aka katse wancan goyon?"

Malam ya ɗauki takalminsa, ya ce sai gobe.

Ranar da abin ya yi zafi ita ce ranar da Malam ya ce masana sun ce mun yi yawa a ƙasar nan. Na ga hannun Inna ya tsaya cak a kan bayan yaron. Muryarta ta sauka ƙasa. Ta ce, "Ka gaya masa ya je bayan garin Maruta. Akwai 'ya'yana a kwance can a maƙabarta, shekarar baƙon dauro aka kai su, wani bai kai kai ba ma. Ya tsaya a kansu ya gaya musu mun yi yawa." Malam ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Inna. Allah ya sa masu ceto ne." Wannan bai bi ta bakin yaro ba.

Ya je ya sami limamin unguwarmu. Liman ya ce masa in don lafiyar uwa da na goye ne, bai ga laifi ba, amma in don tsoron abin da za a ci ne, to ya gyara niyyarsa. Malam ya dawo da murna wai an ba shi gaskiya. Inna ta ce ita aka ba gaskiya, ai duk surutunsa na tsadar masara ne. Kowa ya riƙe rabin fatawa yana kaɗa wa ɗan'uwansa.

Ni fa? Ina kwance a kan gado a bayansu, jikina duk ciwo, ana ta yawo da ni tsakanin gwamnati da Maruta. An tambayi rediyo, an tambayi liman, har jaririn da bai san hannunsa ba an tambaya. Ni da na zubar da jinin, ba wanda ya ce mini ke me kika gani. Arba'in tana matsowa, Inna har ta fara ɗaure kaya. Ran nan suna cikin yi, Malam yana kawo labarin wata ƙasa mai nisa da aka ce mutane sun cika ta, sai haƙurina ya ƙare. Na sauko daga gado, na sunkuci yaron daga cinyar Inna, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Kai, tunda kai ne mai kai saƙo, kawo kunnenka. Ka gaya wa ubanka ni ba ruwana da yawan mutanen ƙasa, ban ƙirga su ba, ba kuma ni zan ciyar da su ba. Ya daina sa ni cikin lissafin rediyo. Ka gaya wa kakarka kuma ba zan bar ɗakina shekara biyu ba. Maganin nan zan sha. Ba don gwamnati ba, don na gaji ne, kuma tsoro nake ji. So nake in ga aurenka, ba a ba ka labarina ba!"

Sai kuka ya ƙwace mini, yaron ma ya tsala nasa. Malam ya sulale, takalminsa ma a nan ya bar shi. Inna ta tashi ta fita tsakar gida ta hau hura wutar da ba ta mutu ba. Ni kuwa na kwanta a daren nan da tabbacin na yi abin da ba a yafewa.

Da safe ta kira wanka kamar kullum, wato ta ce wa tukunya ruwa ya yi. Na shiga makewayi na zauna a kan turmi. Yaron yana ɗaki yana barci, ba ɗan aike, daga ni sai ita sai tururi. Ta tsoma ganye ta ɗaga, ina jiran zafi, sai na ji shiru. Sannan na ji sunana. Sunana na yanka, a bakin Inna. Na waiga don in ga ko wata ce ta shigo.

Ba ta kalle ni ba, ganyen take kallo. Ta ce, "Rabin aurena a ɗakin uwata na yi shi. Kowace haihuwa in tafi, in dawo in tarar ubanki ya ƙara furfura. Ina cewa akwai lokaci. Ina can ina goyon autana aka aiko wai ya kwanta, kafin in iso an kai shi." Ta sake tsoma ganyen. "Mutum ne mai ban dariya, ubanki. Ban gama jin hirarsa ba."

Na san Baba ya rasu Inna ba ta gida, ina da wayo a lokacin. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa ta yi kewarsa ba. Mu a wurinmu Inna ba ta kewa, aiki take yi. Na buɗe baki zan yi magana, ta fyaɗa mini ganye a gadon baya ta ce ruwa yana hucewa.

Ranar da muka je asibiti ta bi mu, amma ta ƙi shiga. Ta zauna a gindin darbejiya da angonta a baya, wai ita ba ta taka ɗakin da ake rage jama'a. Da muka fito na ji tana gaya masa, "In ka ga gwamnati ka ce mata kada ta yi murna, ba ita ta ci ba. Kuma har yanzu ina jiran amsar maganar taki." Malam ya sunkuyar da kai, yana danne dariya.

Muka raka ta tashar motar Gwaram. Kayan da ta ɗaure na mutum biyu ne da jariri, ta kwance ta cire nata kawai. Da za ta hau ta miƙo mini yaron, ta ja masa kumatu ta ce, "Angona, na sake ka. Ka gaya wa ubanka na san jininsa ne a jikinta, amma ni na haife ta. Ya riƙe mini ita."

Ƙanwar yaron ba ta zo ba sai da ya shiga makarantar allo, Inna ce kuma ta zo ta yi mini wankan, ni da ƙafafuna na tarye ta a ƙofar gida. Ra'ayinta a kan gwamnati bai canja ba ko kaɗan, ita da Malam sun ci gaba da fafatawa ta bakin sabuwar jaririya. Ni kuwa na koma "waccan". Ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah, sau ɗayan nan ne a makewayi, kuma har yau ina jin yadda ta faɗe shi.