Hannun Ƙarfe na Mai Faskare

Ranar da aka sallami Mai Faskare daga asibiti, yayyafi ake yi tun safe, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Shekarun saran itace sun cinye masa gwiwar hannun dama, har likita ya cire ta ya sa ta ƙarfe. Da zai sallame shi ya ce, "Baba, daga yau har ƙarshen rai, kada hannun nan ya ɗauki abin da ya fi buta cike da ruwa."

Mai Faskare bai tambayi zancen gatari ba, zancen matarsa ya yi. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, shi ke ɗaga ta daga katifa ya kai ta banɗaki, ya yi mata wanka, ya mayar da ita. Ba ta yarda kowa ya ga jikinta sai shi.

"Ta fi buta nauyi?" in ji likita.

"Da kaɗan," in ji Mai Faskare. Likita bai yi dariya ba.

Da Mai Faskare ya koma gida, ya tarar 'yarsu ta dawo ta karɓi aikin. Tsohuwa kuwa ta rage ci, ta rage shan ruwa, don kada bukatar ɗaga ta ta taso. Yakan zauna bakin katifa, hannu rataye a wuya, yana lallashi.

"Sha mana, uwar yara."

"Bar ni, mai hannun ƙarfe. Kai da aka ce buta ce sa'arka."

Aka cire zaren ɗinki, hannu ya fara lanƙwasuwa har yana kai loma baki. Ita kuwa leɓɓanta duk sun tsage. Wata safiya da 'yar ta fita kasuwa, ya cika kofi ya ce, "Sha, ni zan kai ki." Ta sha har ta ƙoshi. Ya zura hannu ƙarƙashinta ya ɗaga.

Haka suka ci gaba duk ranar da 'yar ta fita. Tsohuwa ta murmure, gwiwar hannunsa ta kumbura, ya ɓoye ta cikin riga. Kafin a ankara ƙarfen ya saki ƙashi. Likita ya duba hoto, ya ce ƙashin da ya rage ba zai riƙe wani ƙarfen ba.

Yanzu Mai Faskare yana gidansa shi kaɗai, hannun dama na lilo, da hagu yake ci. Matar tana gidan surukinsu. 'Yar ce ke ɗaga ta, ita kuma tana kau da kai. Yakan je da hantsi ya riƙe mata kofi.