Ƙafar Yayana a Shafin Farko

Yayana soja ne. Harsashi ya same shi a ƙauri a yaƙin gabas, aka yi masa ɗan ɗinki, aka sallamo mana shi gida Kiyawa, wai ya huta. Hutu ina! Ciwon ya ƙi rufewa, ƙafa ta kumbura kamar turmi.

Mu jinin Fulani ne, a gidanmu namiji ba ya cewa wayyo. Da manyansa suka turo mutum biyu su duba shi, sai ya lulluɓe ƙafar da bargo, ya zauna tsaf. Suka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Har fura ya sa na dama musu. Suka koma suka ce yana warkewa. Ni da nake wanke ciwon ina toshe hanci, kamar in kurma ihu don takaici.

Na shiga mota sai Dutse, wurin wani dattijo, editan wata ƙaramar jarida, wanda ya koyar da ni a sakandare. Washegari sai ga shi a babur. Ya gaida Yaya, bai tambaye shi komai ba, ya kai hannu ya yaye bargon.

"Haba, Malam!" in ji Yaya.

"Yi haƙuri, ɗana. Kunyar nan za ta kashe ka."

Ya ɗauki hoto, amma bai buga ba. Ya rubuta abin da ya gani a jaridarsa, har ƙudajen. Manyan soja kuwa, shiru kake ji. Mako ya zagayo, ya sake rubutawa. Aka yi masa waya aka ce ana cikin yaƙi, ya kama kansa. Masu talla suka janye. Sai ya saka hoton a shafin farko. Inna ta daina yi mini magana, wai na baza sirrin gida a kasuwa. Wallahi ko a jikina.

Motar asibitin soja ta zo a makon. A Kano likita ya ce an makara, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Ran dai ya tsira.

Malam ya je dubiya, Yaya ya juya fuska bango. Malam ya ɗan zauna, ya yi addu'a, ya fito. Na bi shi baranda in yi godiya, na tarar yana share ido da hannun riga.

"Kada ki gode mini, 'yata," ya ce. "Nauyinsa na ji, na riƙe hoton nan mako biyu. Da na buga tun farko, da yana da ƙafarsa yanzu."